Rasuwar Tafinta, Mai Tsaron Ƙwan Zabbin Hajiya Kaltumi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki nake sanar da mutanen gidan Alhaji Youssouf, da maƙwabta, da duk wanda ya tsaya ya karanta wannan takarda, rasuwar Tafinta. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin ajiya na kusa da madafi, yana da wata biyu da kwana tara a duniya.

Kafin in ci gaba, a yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta wani abu don mutane su karanta ba, in ban da jarrabawa, ita ma malami ɗaya ke gani. Na san ba tarbiyya ba ce yarinya ta manna takarda a ƙofar zaure. Na san kuma Hausata ta rubutu ba ta nuna ba, don Faransanci aka koya mana a lekol, wato makaranta, wannan kuwa a littattafan da Baba ke kawowa daga Yola na tsince ta. Sau huɗu na yaga takardar nan. Amma kwana biyar ke nan ana maganar marigayi a gidan nan, kowa ya faɗi tasa, ni da na haɗa shi da hannuna ban faɗi tawa ba. To, ga shi a rubuce. Sunana Sadiƙa, ɗalibar ajin lantarki a lise, wato babbar sakandare, wadda tun ranar Lahadi ake kira Madam Omlet, mai wainar ƙwai ke nan.

Ga waɗanda ba su san marigayi ba, kuma su ne suka fi yawan magana a kansa: ɗan allo ne ruwan ƙasa mai huda-huda, bai cika tafin hannuna ba. A kansa akwai wata 'yar baƙar aba mai ƙafa takwas, da 'yan masu rage wuta bakwai da ake ce wa rezistans, da ɗan makunni mai kunna ƙwan lantarki, da wasu 'yan ƙusoshin daidaitawa guda biyu, kowace a cikin ɗan gidanta shuɗi. Ina roƙo a riƙe maganar ƙusoshin nan, za mu dawo kansu.

An haife shi ne saboda kakata, Hajiya Kaltumi. Kowa ya san zabbinta, kowa kuma ya san zabuwa ba ta iya zaman kwanci, sai dai a ba kaza. Kajin Hajiya biyu ne, zabbin kuwa da damina ƙwai suke zubarwa kamar ba gobe, rabi ya lalace a ƙwarya. A farkon hutu na ce mata zan iya sa mataccen firijin da ke ɗakin ajiya ya ƙyanƙyashe sittin lokaci ɗaya. Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce, “'Yar nan, in kin fitar mini da ko goma, ni da kaina zan zaunar da ubanki in ce ya bar ki da wayoyinki.” Ta faɗi haka ne don Baba ya daɗe yana so bana in koma ajin sakatariya, na koyon aikin ofis, inda ake zama da tsabta, ba a dawowa gida da ƙuna a yatsa. Baba ya ji maganar, ya ce ya yarda, ƙwai su yanke hukunci.

Yanzu zan yi bayanin aikin marigayi, ko da za a gaji, don ba daidai ba ne a zagi mutum ba a san sana'arsa ba.

Ƙwan zabo yana son zafi digiri talatin da bakwai da rabi, kwana ashirin da takwas, kuma ba ya yafe wa wanda ya wuce da shi arba'in. A cikin firijin na sa ƙwan lantarki biyu don ɗumi, da wani ɗan maji-zafi mai ƙafa uku, da 'yar ƙwaƙwalwar da muke ce wa mikro, wadda ke yanke shawarar a kunna ko a kashe. Maji-zafin magana yake da lantarki, amma muryarsa ƙasa-ƙasa ce: kowane digiri ɗaya, kashi goma cikin dubu na volt yake ƙarawa. Ita kuwa mikro da tsani take ƙirga, mai mataki dubu ɗaya da ashirin da huɗu, daga sifili zuwa volt biyar. In kun yi lissafi, kowane mataki ya kusa rabin digiri. Ranar da na fara haɗa su kai tsaye, allon nuni sai tsalle yake, 37.1, 37.6, 38.1, babu komai a tsakani. Kamar a ɗora ɗan kunnen zinariya a kan sikelin da ake auna motar auduga ne. Sikelin ba ƙarya yake yi ba, abin ne ya yi masa ƙanƙanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne asarar tsanin. Matakan ƙasa suna zaune suna jiran sanyin da ko kakan Hajiya bai taɓa gani a Garuwa ba. Matakan sama, ɗaruruwa, suna jiran zafin da zai narkar da firijin kansa. Daga digiri talatin zuwa arba'in da biyar, inda rayuwar ƙwai take, mataki talatin kacal ake takawa.

Nan Tafinta ya shigo tsakani. Aikinsa biyu ne. Na farko, ya cire digiri talatin daga maganar maji-zafi ya ajiye gefe, don talatin ya zama gindin tsani. Na biyu, abin da ya rage ya ninka shi sau talatin. Da haka digiri goma sha biyar ɗin nan suka miƙe suka cika kusan dukan tsanin, kowane digiri ya samu mataki fiye da sittin. Mikro da a da ba ta jin komai sai an yi rabin digiri, ta koma tana jin an buɗe ƙofar ɗaki. Shi ya sa na raɗa masa Tafinta: mai raɗa yana gefe ɗaya, mai nauyin kunne yana ɗaya gefen, shi yana tsakiya.

Ƙusoshin nan biyu su ne ransa. Ɗaya ke faɗin nawa za a cire, ɗaya ke faɗin sau nawa za a ninka. Ba a ɗaure su. Ba don ɗaurewa aka yi su ba. Wurin da kowace ta tsaya a tsakiyar hanyarta, shi ne lissafin. Kwana uku na yi ina daidaita su da ma'aunin zafin jiki na farmasi, wato kantin magani, da ruwan ɗumi a filas, in juya wannan kamar faɗin gashi, waccan ta goce, in koma in gyara waccan, wannan ta goce. Da suka zauna, na je gidan maƙwabciyarmu Madam Léontine na aro jan farce, na ɗiga wa kowace ɗigo ɗaya a ka, kamar yadda malaminmu Misye Wilfried ya koya mana, don kada su motsa, kuma in an taɓa a gane.

Marigayi ya yi rayuwa ta kamun kai. Ba shi da surutu. Duk maganarsa a duniya ita ce “ƙat” in ya kunna ɗumi, da “ƙat” in ya kashe. Hajiya tana jan carbi a bakin madafi takan ji, ta ce, “Mutumin naki ya yi gyaran murya.” Kwana goma sha tara yana tsaron ƙwai sittin, ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, rana ta buɗe kwano ya ɗau zafi, shi dai yana tsakanin 37.4 da 37.6. Bai taɓa neman shayi ba. Bai taɓa ɗaukar takalmin wani ba da izini ba. Bai taɓa cewa ya iya abin da bai iya ba, wanda a gidan nan ba ƙaramar falala ba ce. Ranar kwana goma na haska ƙwan da tocila, hamsin da bakwai suna da jijiya, wasu har motsi. Hajiya ta leƙa ta gani, ta fita, da yamma ta aiko mini da cinyar zabo.

Ciwon ajali ya same shi ba na nan. Ranar Lahadi Hajiya ta ce in raka ta suna a Pitowa, kuma ba a ce wa Hajiya a'a. Ƙwai suna bukatar a juya su da rana, don haka na roƙi babban wana, Yaya Bilya, makanikin moto, wato babur, wanda garejinsa ke bakin titi. Na nuna masa yadda ake yi. Na manna takarda a ƙofar firiji da Hausa da Faransanci cewa ƙwai kawai za a taɓa. Ya ce, “Ke, ni da nake kwance injin moto in mayar ido rufe, ƙwai ne zai gagare ni? Tafi abinki, Madam Injiniya.”

Mun dawo bayan la'asar. Tun daga tsakar gida ban ji “ƙat” ba. Da na buɗe firiji zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya, ma'aunin farmasin da ke ciki ya kai ƙarshen abin da yake iya nunawa. Marigayi yana kwance a mazauninsa, an mayar da shi a karkace, 'yar baƙar abar nan ta tsage a tsakiya.

Ban ga abin da ya faru da idona ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na gani ba. Amma na binciki gawa, ga abin da ta nuna. Jan farcen da ke kan ƙusoshin biyu ya farfashe. An juya kowace har ƙarshe, har inda ba ta ƙara tafiya, an ma ƙara mata ƙarfi gidanta ya tsage. Duk wanda ya taɓa zama a garejin moto ya san wace sana'a ce ba ta iya ganin ƙusa tana juyawa ta ƙyale ta. A can, sako-sakon ƙusa abin kunya ne, kuma da gaskiyarsu, don shi ke kayar da fasinja. Amma a nan, da aka ɗaure ta farko, sai marigayi ya shiga cire fiye da abin da ke akwai. Komai zafin firiji, abin da ke isa wurin mikro sifili ne. Ita kuwa baiwar Allah ta ga gindin tsani, ta rubuta 30.0, ta ɗauka 'ya'ya suna jin sanyi, ta kunna ɗumi ta bar shi a kunne. Awa huɗu.

Bayan haka gawar tana warin fetur ɗin kwalba, zuwa-zuwa. Na san inda ake wanke abin da ya ƙi aiki da zuwa-zuwa. Wayoyinsa biyu na wuta kuma an feƙe bakinsu da haƙori, irin yadda ake yi in za a ɗana abu a batirin moto a ga ko zai farka. Marigayi volt biyar yake ci. Batirin moto sha biyu ne. Madam Léontine tana shanya a bayan katanga, ta ce ta ji wani ɗan “fus”, sai ƙauri. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Na roƙe ta ta faɗa wa Baba abin da ta ji bayan “fus” ɗin, da muryar wanda ta ji, ta ce, “Ma fille, 'yata, kaza zan ba ku aro ta kwanta kan ƙwan da suka tsira, bakina kuwa ina da aiki da shi.” Ban ga laifinta ba, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Abu na ƙarshe, a ƙarƙashin tiren ƙwai na tsinci sukudireba, wanda mu nan muke ce wa turnabis. Ƙarami ne, mai rawayan mariƙi, an naɗe gindinsa da baƙar roba ta tayar moto. A bakinsa akwai jan farce.

Da magariba Baba ya tara mu ya tambayi abin da ya faru. Yaya Bilya ya riga kowa. Ya ce shi dai ya juya ƙwai ya rufe ya tafi. Ya ce, “Baba, ai na faɗa tun farko. Kaza Allah ya yi wa aikin nan, ba 'yar lise ba. Abin nata ne ya haukace.” Baba ya juyo ya ce, “Sadiƙa, haka ne?” Turnabis ɗin yana cikin zanena, ina jin sanyinsa a cinyata. Na buɗe baki. Na dubi Yaya, ya ɗaga mini gira ɗaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ban sani ba, Baba.” Na fi jin haushin wannan kalma fiye da komai a cikin labarin nan. Baba ya karɓi ƙarfen narka dalmata ya kulle a akwatinsa, ya ce ranar Litinin da za a koma lekol zai kai ni ajin sakatariya da kansa. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina kirana 'yar nan, ta koma kirana da sunana.

Marigayi ya rasu ya bar maji-zafi, wanda har yanzu yana raɗarsa babu mai fassarawa. Ya bar mikro, ta koma kurumtarta ta rabin digiri. Ya bar ƙwan lantarki biyu, waɗanda aka yi kisan da hannunsu ba da saninsu ba. Ƙwai arba'in da shida masu rai sun riga shi tafiya, kowanne da ɗan tsako a ciki har ya fara gashi, ni na haƙa musu rami, ba wanda ya taya ni. Ya bar marayu goma sha ɗaya, waɗanda ke layin ƙasa ta bakin ƙofa inda robar firijin ta yage iska ke shiga. Yanzu suna ƙarƙashin jar kazar Madam Léontine, jiya na haska su, duka suna motsi. In sun fito ranar Talata, na san abin da za a ce: ga shi kaza ta yi abin da boko ya kasa. Ina so a rubuta a ajiye cewa kwana tara kaza ta yi. Sha tara na marigayi ne.

Iyalan mamaci suna godiya ga Madam Léontine da kazarta. Ba sa karɓar ta'aziyya daga waɗannan: 'yan moton da ke zama a garejin Yaya, waɗanda in na wuce suke cewa, “Injiniya, a ba mu biyu da yaji.” Da matan da suka shigo wai jaje, suka zauna suka sha kunun Hajiya, suna cewa dama karatun mace in ya yi yawa sai ya dafa wani abu. Da wanda ya fara cewa Madam Omlet, ya san kansa, a tire ɗaya muke cin tuwo da ƙannensa. Da duk wanda bai san bambancin volt da digiri ba amma tun Lahadi yake bayanin abin da ya lalace. Allah ya ba ku lafiya, ku riƙe gaisuwarku.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a yi wanka ba, an riga an yi masa da zuwa-zuwa. Ba za a yi salla ba, na san hukunci, allo ne. Gobe Asabar bayan la'asar, lokacin da Baba ke zama a gindin darbejiyar ƙofar gida, za a ajiye gawar a kan farantin shayi kusa da tabarmarsa. Duk mai so ya duba ƙusoshin, ya sunsuna, ya ga bakin wayoyin. Za a haƙa kabari a nan gindin bishiyar, tsawon taƙi ɗaya da rabi, don ba shi kaɗai zai kwanta ba. Za a binne shi tare da turnabis mai rawayan mariƙi.

Na ji ana neman wani turnabis a gareji tun ranar Litinin. An zazzage akwatin kaya sau biyu, an zargi 'yan moto, an ce shi kaɗai ne ke shiga ƙusar kabireta, kuma marigayi Kawu Abdulbaƙi ne ya ba mai shi ranar da ya yaye shi a sana'a. Ban san ko shi ne wannan ba, ni ban san komai ba, kowa ya ji na faɗa. In mai shi yana so, ba sai ya yi mini magana ba. Ya zo kafin a mayar da ƙasa, ya tsaya gaban Baba da Hajiya, ya ɗauke shi daga farantin ya ce nasa ne, jan farcen yana nan a bakinsa ban goge ba. In kuma ba na kowa ba ne, to babu wanda zai yi asara in an rufe shi.

Ba a bukatar kowa ya kawo komai. Hajiya, in kin yarda ki fito ki zauna, kujerarki kawai nake roƙo a fitar.

A sake yi mini afuwa in na yi tsawo, ko na faɗi abin da ya fi bakina. An tafi masallacin Juma'a, zaure babu kowa, ƙullun da na dama don manna takardar ya fara bushewa a yatsuna. Na ji kamar ƙarar moto ta kwanar gidan Madam Léontine. In an neme ni, ina wurin kaza.

Mai sanarwa,
Sadiƙa Youssouf